SURYANIYYAR DA KE CIKIN LAYU: HARSHEN WA NE?

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi na Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye, akwai wata kalma da masu tsibbu suke rufe bakin jama'a da ita. Mutum zai kai ɗansa marar lafiya, a ba shi laya ko rubutun sha. In ya yi ƙarfin hali ya ce, "Allah gafarta Malam, mece ce ma'anar waɗannan sunaye?" sai a ce masa, "Kul! Suryaniyya ce, harshen mala'iku da rauhanai, ba a tambaya." Sai bawan Allah ya sunkuyar da kai, ya sayar da akuyarsa a kasuwar Sara, ya kawo kuɗi. To, yau wannan Suryaniyyar za mu buɗe, mu ga ko ta mala'iku ce.

Ku sani Suryananci harshen mutane ne, kamar yadda Hausa da Fulatanci suke. Reshe ne na harshen Aramiya, dangin Larabci da Ibrananci, yana da haruffa 22, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu. Cibiyarsa birnin Ruha ne, wanda ake kira Urfa yanzu a kudancin Turkiyya. Yana da nahawu, yana da ƙamus, ana koyar da shi a jami'o'i, kuma har yau Kiristocin Siriya da Iraki da Lebanon da kudancin Indiya suna ibada da shi a coci-cocinsu. Imam Ahmad ya ruwaito a Musnad cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi Suryananci saboda wasiƙun da suke zuwar masa, Zaidu kuwa ya koye shi cikin kwana 17. A wata ruwaya ta Abu Dawuda da Tirmizi rubutun Yahudawa ne ya koya, cikin rabin wata. Ku duba da kyau. Saurayi ya zauna ya koya don karanta wasiƙa, ba halwa, ba turare, ba baƙin bunsuru.

Masu cewa harshen gaibu ne, daga ina suka samo? Littafin al-Ibriz, wanda ya tattara maganganun Abdul'aziz ad-Dabbag na Fas, shi ya yaɗa cewa da Suryananci rayuka suke magana, da shi kuma waliyyai suke zance a diwaninsu. Ba aya, ba hadisi. Wasu kuma suka ce da shi mamaci zai amsa tambayar kabari. Imam Suyuɗi ya kawo wannan magana daga fatawar malaminsa Bulƙini, amma shi da kansa ya faɗa cewa bai samo mata madogara ba.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. A cikin kundayen tsibbu, da littafin Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Buni, za ku riƙa cin karo da "Ahya Sharahya" da "Al Shaddaya". Wasunmu sun sha su a rubutu tun suna goye. Waɗannan kalmomi ko Suryanancin ma ba su ne ba. Ibrananci ne, daga littafin da ke hannun Yahudawa.

Ga yadda abin yake. Wajen ƙarni na 2 na Miladiyya, kimanin shekara 400 kafin aiko Annabi, aka fassara littattafan Bani Isra'ila daga Ibrananci kai tsaye zuwa Suryananci, a yankin Ruha bisa ra'ayin mafi yawan masana. Sunan wannan fassara Peshitta, watau "mai sauƙi". Da masu fassarar suka zo littafin Fitowa, sura 3 aya 14, inda aka ba da labarin Annabi Musa yana tambayar sunan Ubangiji, sai suka bar amsar yadda take da Ibrananci, suka rubuta ta da haruffansu kawai, ba su fassara ba. Ita ce bakin Larabawa ya mayar Ahya Sharahya, ma'anarta ta kusa da "Ni ne wanda Nake". Haka suka yi da El Shaddai a littafin Farawa, sura 17. Don haka wanda ya ji ta a bakin Kiristan Sham ba mamaki ya ɗauka Suryananci ce. Ibn Manzur, mai Lisanul Arab, wanda ya rasu a 1311, bai ruɗu ba: ya rubuta cewa Ibrananci ce.

Wani zai ce, "To ai shi ke nan, Malam, tunda sunan Allah ne, mene ne laifi?" Sannu. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Ahlul Kitabi sun kasance suna karanta Attaura da Ibrananci suna fassara wa Musulmi da Larabci, sai Annabi ya hana mu gaskata su, ya kuma hana mu ƙaryata su. Abin da aka hana ka ka gaskata, ta yaya za ka mai da shi wuridi, ka rataya wa jaririnka a wuya? Sunayen Allah ba a ƙirƙirarsu, ba a aro su. Wanda Ya ambaci kanSa da su a Alƙur'ani, da wanda ManzonSa ya koyar, sun ishe mu.

Sannan ku dubi wahalar da masu littafin suke sha a kan nasu littafin. Akwai kwafin Attaura na Peshitta a ɗakin karatu na Biritaniya da ke Landan, an rubuta shi a Amid, watau Diyarbakir, a shekarar 464. Daga gidan ruhubanawa na Dairus Suryan a Masar aka kwaso shi tare da wasu ɗaruruwa a shekarun 1840. Akwai wani cikakke a Milan ta Italiya, na ƙarni na 6 ko na 7, wanda Ceriani ya buga hotonsa tsakanin 1876 da 1883. A 1959 aka kafa cibiya guda a Leiden ta ƙasar Holan, aikinta ta tara kwafe-kwafen nan, ta gwama su harafi da harafi, ta rubuta a ƙasan shafi duk inda suka saɓa. Shekaru masu yawa aka kwashe ana wannan aiki. Me ya jawo haka? Domin mai kwafa mutum ne, yana gajiya, idonsa yana tsallake layi. A rubutun Suryananci dal da ra siffarsu ɗaya ce, ɗigo ne kawai ya raba su, na dal a ƙasa, na ra a sama. Su kansu Kiristocin Suryan ba su tsaya a kan fassara ɗaya ba. A 616 zuwa 617 Bulus na Tella ya sake wata daga Girkanci a kusa da Iskandariya, bayansa Yaƙubu na Ruha, wanda ya mutu a 708, ya zauna yana gyara yana haɗa biyun.

To, waɗannan masu harshen ke nan da masanansa. Ina ga almajirin da ya kwafo daga kundin malaminsa, shi ma daga na malaminsa, babu ko ɗaya cikinsu da ya san baƙi guda na Suryananci ko Ibrananci? Wannan ya ƙara alif, wancan ya zubar da ɗigo. Kalma biyu muka gano asalinsu. Sauran fa, irin sunayen Barhatiyya da Jaljalutiyya? Mai cewa Suryananci ne, ƙamus yana nan, ya buɗe ya nuna mana. In ya kasa, da me ya san ba aljani yake kira ba? Allah Ya kiyashe mu.

Muslim ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik cewa sun tambayi Annabi game da tofin da suke yi a jahiliyya, sai ya ce su bijiro masa da shi ya ji, ya yarda da wanda babu shirka a ciki. Ana bijiro da abin da ba a fahimta ne? Daga nan Ibn Hajar, a Fathul Bari, ya kawo sharuɗɗa 3 da malamai suka haɗu a kansu: tofi ya zama da maganar Allah ko sunayenSa da siffofinSa, ya zama da Larabci ko da abin da aka san ma'anarsa, kuma a ƙudurce cewa ba ya tasiri da kansa sai da ikon Allah. Ko Risala da muke karantawa a zaure, da littafin Allah da kyakkyawar magana ta ɗaure halaccin tofi. Ba wani sabon addini muka zo da shi ba, 'yan'uwa.

Wanda yake da laya a gidansa, kada ya jefa ta a juji ko masai, domin sau da yawa ana cakuɗa ayoyi a ciki. Ya farke fatar, ya kai takardar ga malamin Sunna ya karanta masa a gabansa, sannan a ƙone ta. Yaron da zazzaɓi ya sa shi sanƙarewa, a tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan daren, kada a jira gari ya waye.