Tsohon da Ya Mance Hanyar Gida Amana Ne a Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya 'yan uwa, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan tsofaffinmu ce da gigin tsufa ya kama, musamman idan suka faɗa hannun jami'an tsaro.

Allah Ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, cewa akwai wanda zai tsufa har abin da ya sani ya kuɓuce masa. Likitoci sun ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba shafar aljanu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi.

Mu da kasuwanci ya kawo Maiduguri, abin ya fi shafarmu. Mai wannan ciwo yakan mance na jiya, ya riƙe na da. Dattijo ya shekara 40 a Monday Market, sai ya fita da la'asar, lokacin da ruɗewar ta fi tashi, wai zai tafi gidansu na Kano ko Haɗeja. Barbarcin da ya koya da girmansa ma yana iya zubewa. To, a garin da ya sha wuyar tayar da ƙayar baya tun 2009, a tare shi a shinge, a ce wane ne kai, ina za ka, ya yi shiru ko ya yi ta kame-kame, ka ga zargi ya shigo. Wallahi ba taurin kai ba ne. Shari'a ma ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe.

Don haka 'yan sanda da 'yan gora na buƙatar horo. Su gane alamomin: maimaita magana, rashin sanin rana ko wuri, firgita. Mutum ɗaya ya yi masa magana a hankali, tambaya ɗaya ɗaya, da harshen da yake ji. Ban da tsawa, ban da ankwa. A zaunar da shi, a ba shi ruwa, a duba aljihunsa, a nemi iyalinsa. Ga Kwalejin 'Yan Sanda a garin nan, ga likitocin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga. Kwamitin masallaci ya nemi DPO na GRA, a roƙi a haɗa su su koyar.

Mu ma iyali da namu aikin. A ɗinka takarda mai sunansa da lambar waya a rigarsa. A ajiye sabon hotonsa. A sanar da maƙwabta, kunya ba ta magani. In ya ɓace, a kai rahoto nan take, kada a ce sai gobe. A kai shi asibiti, kada a ɗaure shi a ɗaki.

Ɗan sanda, wannan da ke gabanka uban wani ne, kuma in da rai, kowa hanyar tsufa ya nufa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya bar mu da hankalinmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.