Wa Ya Ɗaga Hannun?

A Korgom da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a yankin Tasawa, an san ciwon shanyewar ɓarin jiki. Magidanci ya kwana lafiya, ya wayi gari hannun da ya shekara arba'in yana riƙe hauya ya ƙi ɗaguwa. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce sammu, likita kuma ya auna ya ce hawan jini ne ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ko gudan jini ya toshe ta. Mai ciwon kansa, idan bakinsa bai karkace ba, abu ɗaya yake faɗi: ina so in ɗaga, ya ƙi. A cikin wannan gajeriyar magana akwai tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna juyawa. Wane ne mai son, kuma me ya ƙi?

A shekarar 2000, a jami'ar Gottingen ta Jamus, Michael Nitsche da Walter Paulus suka jiƙa soso biyu da ruwa, suka ɗora ɗaya a kan mutum daidai sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin hannu, ɗayan a goshi, suka saki lantarki mai rauni ƙwarai, miliamfiya 1, wato kusan kashi ɗaya cikin dubu na abin da ƙaramar cajar waya ke bayarwa. Ba tiyata, ba allura. Ɗan ƙaiƙayi kawai ake ji a fata. Wannan dabara ce ake kira tDCS. Suka ga idan soson bakin waya mai alamar ƙari ke kan wurin, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ƙara saurin amsawa. Idan aka juya wayoyin, sai su yi nauyi. A 2001 suka nuna cewa minti 13 na wannan lantarki kan bar tasirin da ke kaiwa minti 90 bayan an kashe na'urar.

Abin lura shi ne hannun bai motsa ba. Lantarkin bai kai ƙarfin tayar da ƙwayar jijiya ba, yana dai matsar da ita kusa da tashi, kamar yayyafin da ya tausasa ƙasa amma bai yi noman ba. Don su auna canjin ma, sai da suka ari wata na'ura ta maganaɗisu wadda Anthony Barker da abokansa suka fito da ita a Sheffield ta Ingila a 1985. Ita wannan tana harba bugu guda, ɗan yatsa ya zabura, mai yatsan yana kallo bai nufa ba.

Na'urori biyu ke nan, motsi iri biyu, kuma duk almajirin da ya zauna gaban malamin tauhidi ya san wannan rabon. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen 324 bayan hijira, da mabiyansa sun kafa hujja da bambancin da kowa ke ji a jikinsa tsakanin hannun da ke karkarwa don ciwo da hannun da aka miƙa da nufi. Duka biyun halittar Allah ne, in ji su, amma na biyun yana tare da kasabin bawa, kuma a kansa hisabi yake. Da haka suka tsaya tsakanin Jabariyya masu cewa an tilasta mutum, da Mu'utazilawa masu cewa shi ke halittar aikinsa. Wannan aƙida ce ta iso ƙasar Hausa ta littattafai irin Ummul Barahina ta Sheikh Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Likitan ƙwaƙwalwa Wilder Penfield, da yake taɓa ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da lantarki a Montreal suna farke, ya tarar da wannan rabon a bakinsu: hannu ya motsa, mara lafiya ya ce aikin likita ne, ba nasa ba.

Sai dai bai kamata mai imani ya yi saurin cewa kimiyya ta gaskata malamai ba, domin akwai binciken da ke yi masa nauyi. A 2009, Michel Desmurget da Angela Sirigu da abokan aikinsu a Lyon ta Faransa suka ba da rahoton marasa lafiya da ake yi wa tiyata a farke. Da aka taɓa wani sashe na bayan ƙwaƙwalwa, suka ce suna jin son motsa hannu ko leɓe. Da aka ƙara ƙarfin lantarkin, suka tabbatar sun motsa, alhali ko tsoka ba ta girgiza ba. Da aka koma wani sashe na gaba, gaɓar ta motsa, su kuma suka musa. Wato jin nufin kansa yana da hanya a cikin nama, kuma ana iya taɓa ta. Wannan bai rushe alhaki ba, domin son da aka cusa na daƙiƙa biyu ba ɗaya yake da niyyar manomin da ya auna zakkar geronsa bayan ya yi lissafi ya ga rumbun ba zai kai damina ba. Amma ya hana a ce niyya ba ta da alaƙa da jiki. Ɗalibin Sanusi ba zai firgita da haka ba, tunda an koya masa cewa Allah na gudanar da al'amura tare da sababai, sababan kuma ba su da tasiri da kansu.

Ita tDCS ma ba a gama sanin iyakarta ba. Wani bincike na London a 2014 ya ga kusan rabin mutanen da aka gwada ba su nuna canjin kirki ba. Wani na 2018 ya nuna kusan kashi 75 cikin ɗari na lantarkin yana ɓacewa a fata da ƙashin kai kafin ya isa ciki. Shi ya sa masu gwada ta ga masu shanyewar jiki suke haɗa ta da atisaye: ana saka na'urar, mara lafiya na ƙoƙarin damƙe kofi, ya kasa, ya sake. Sakamakon gwaje-gwajen ya sha bamban, amma yawancinsu a kan ƙoƙarin mai ciwon aka gina su.

A nan maganar ta shafi Korgom kai tsaye, ko da ba a taɓa ganin na'urar a can ba. Sau da yawa ana cewa ƙaddara ce, a shimfiɗa wa mai ciwon tabarma a ɗaki, a ci gaba da ba shi fura a baki. Tausayi ne, amma yana cinye watannin farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe sababbin hanyoyi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin bai sallami irin wannan mutum ba: ya yi salla a zaune, in ya kasa a kishingiɗe, in ya kasa da ishara. Shari'a tana kallonsa a matsayin mai nufi ko da gaɓa ta ƙi bi, kuma haka likitocin gashin ƙashi a Maraɗi da Kano suke kallonsa idan suka ajiye masa cokali a gaba suka ce, Baba, ɗauka da kanka.