JIKI AMANA NE: NASIHA GA MANIYYATAN GAYA DA AJINGI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya sanya jini yana gudana a cikin jijiyoyinsa dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya inganta a cikin Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya wahalar da kansa da azumi da tsayuwar dare, domin jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Daga cikin wannan haƙƙi akwai motsa shi.

Manomin Gaya ko na Ajingi ya saba da tafiyar ƙasa zuwa gona da kasuwa. To, amma ranar tafiya aikin Hajji sai ya zauna a mota ta Wudil zuwa Kano, ya yi zaman jira a sansanin alhazai, sa'an nan ya shafe sa'o'i a jirgi zuwa Jidda, ƙafa a lanƙwashe. Wani dattijon ma ƙin shan ruwa yake yi don gudun shiga bayan gidan jirgi. A nan haɗari yake. Idan ƙafa ta daɗe ba motsi, jini yakan yi sanyin gudu har ya daskare a jijiyar sha-raɓa. In gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, yana iya zama ajali. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka wannan haɗari sau biyu.

Rigakafin kuwa mai sauƙi ne. Matafiyi ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa, ya motsa idon sawu a zaune, ya sha ruwa isasshe, ya bar taba. Maniyyaci ya saba wa kansa tafiya masallaci a ƙasa tun yana gida, domin sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3. Muslim ya ruwaito cewa da Banu Salima suka so komawa kusa da masallaci, an umurce su da zama a gidajensu, saboda ana rubuta musu ladar takunsu. Haka nan mai jego da majinyaci kada a bar su kwance kullum, matuƙar likita ya yarda su tashi.

Wanda ya ga ƙafarsa ɗaya ta kumbura, tana zafi da ciwo, ko numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, kada a murza masa ita, kada a tsaya ƙaho ko jiƙon tafarnuwa da citta. A garzaya da shi asibiti. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya kai alhazai lafiya, Ya komo da su lafiya, amin.