Ko Ya Kamata A Ba Matalauci Kuɗi A Hannu?

Ran nan bayan sujada dattawan ekklisiyarmu suka zauna a kan baikon gwauraye. Wani dattijo ya ce a sayi dawa a raba, gama in an ba talaka kuɗi, kafin rana ta faɗi ya ɓad da su. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma dā haka na ke tunani.

Wata damina, cikin watan Agusta, wata gwauruwa ta zo ta roƙe ni kuɗi kaɗan. Na hana ta, na sa aka auna mata dawa tiya biyar. Kashegari aka gan ta a kasuwa tana sayarwa da araha. Raina ya ɓaci, na aika a kira ta. Ashe zazzaɓi ne ya kā da ɗanta, mai magani kuwa ba ya karɓar dawa. Watau na jawo mata tafiyar wuni da ragin mai awo, domin ban amince da hankalinta ba.

Wannan magana ta wuce ekklisiyarmu. A ƙarshen 2016 Gwamnatin Tarayya ta soma ba gidajen matalauta naira 5,000 a wata, a lokacin nan a kan biya 10,000 bayan wata biyu, yawanci a hannun uwargida. Wani sashi na kuɗin ya fito daga dala miliyan 322 na Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. A 2023, bayan an janye tallafin man fetur, aka yi shelar naira 25,000 a wata har wata uku. Mutane da yawa suka ce lalaci za a koya wa talakawa.

To, ɗan'uwa mai karatu, ka duba manomin ƙasar Kankara ko Faskari ko Sabuwa sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Ya kan bar gonarsa ciyawa tana ci, ya tafi ƙwadago a gonar mai hali domin tuwon dare. Ko kuwa ya ci bashin buhu ɗaya, da kaka ya biya biyu. Kuɗi kaɗan a wannan lokaci su kan tsai da shi a gonarsa har ya gama maimai. Wani ya sayi taki, wata ta sayi akuya ko ta zuba adashi. Wa ya san wanne ya fi gaggawa a gidan nan, in ba mai gidan da matarsa ba? A 2014 masana na Bankin Duniya suka tattara binciken da aka yi a Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu, ba su tarar irin wannan taimako ya ƙara sayen giya da taba ba. Mashayi yana nan, ba na musu, amma a gidan mai arziki ma a kan same shi, ba wanda ya ke auna masa albashinsa da tiya.

Abin da ya fi nauyi a zuciyata dabam ne. Ƙasarmu ta sha wuyar 'yan bindiga. Kowa ya tuna Disamba ta 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara. Ƙauyuka da yawa sun biya haraji kafin a bar su su yi shuka, suka sake biya kafin girbi. Saboda haka ba shakka wata naira da aka bayar domin marayu ta ƙare a daji. Ko mu daina bayarwa ke nan? Na yi addu'a a kan wannan ƙwarai. Uban da ya ba da kuɗin taimako domin ya fanshi 'yarsa, ba ni da bakin ce masa ya ɓatar. Laifin yana kan mai bindiga, da kuma hukumar da ta aiko da kuɗi amma ba ta tsare hanyar gona ba. Buhun dawa ma su kan ƙwace shi.

Na faɗa wa dattawa labarin gwauruwan nan, da kunya. Bayan muhawara aka yarda Zumuntar Mata su bi gida gida su tambayi kowace abin da ta fi so. Yawancinsu suka ce kuɗi. Wata tsohuwa kuwa ta ce a kawo mata dawa, gama tana da jika wanda ya san inda ta ke ɓoye ƙullinta. Dawa muka kai mata.