Limamin da Ya Tare Ƙofa

Ranar Asabar, 23 ga Yuni 2018, 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Da rana tsaka aka fara jin harbi. Masu gudu, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom, suka yi ta kwararowa unguwar Musulmi a Nghar Yalwa, wasu da goyo, wasu ko takalmi babu.

Limamin wurin, Malam Abubakar Abdullahi, yana da shekara 83 a lokacin. Bai tsaya tambayar kowa sunansa ko addininsa ba. Ya tura mata da yara cikin gidansa, ya shigar da maza masallaci. Da aka ƙirga daga baya, mutum 262 ne.

Ba a jima ba maharan suka iso da bindigogi, suka ce ya fito musu da waɗanda ya ɓoye. Tsohon ya ƙi. Ya tare ƙofa, ya shiga roƙonsu, har ya zube ƙasa a gabansu yana kuka, ya ce in dai sai an zubar da jini, to a fara da nasa.

Ka tuna wane ne ke ƙasa. Dattijo ne mai furfura, wanda jama'a ke russunawa su gaishe shi, wanda ke tsayawa gaban sahu sau biyar a yini. A wajenmu ba ƙaramin abu ba ne irin wannan mutum ya sa gwiwa a turɓaya gaban samarin da ya yi jika da su. Ba shi da makami, babu soja ko ɗan sanda kusa. Girmansa kaɗai ya mallaka, shi kuwa ya shimfiɗa a bakin ƙofar don su taka in sun iya. Suka kasa. Suka juya, suka kai ɓarnarsu wani wuri, don a ranar an kashe mutane da dama a yankin; 'yan sanda sun ce 86, mazauna wurin sun ce abin ya fi haka nesa.

Da 'yan jarida suka same shi daga baya, bai ɗauki abin a matsayin jarunta ba. Ya tuna musu cewa Kiristocin garin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin tun shekaru da suka wuce. A ganinsa haƙƙin maƙwabtaka ne ya zo biya, kuma addininsa ya haramta masa miƙa wanda ya nemi mafaka a hannunsa. Masu wa'azin zaman lafiya a lasifika suna da yawa, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunayen 'ya'yan maƙwabcinsu na coci.

A watan Yulin 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta kare 'yancin addini. Lambar ba ta kashe wutar Filato ba: a daren jajibirin Kirsimeti na 2023 an sake kai hari a Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe fiye da mutum 100.