Yaron da Aka So a Raba da Littafi

Ran 31 ga Janairu Ekklesiya takan tuna da Waliyyi Yohanna Bosko, wanda aka haifa a Italiya a 1815. Yana shekara 2 mahaifinsa ya rasu. Wansa Antoniyo ya tsani karatunsa, wai me manomi zai yi da littafi, har yaron ya bar gida ya tafi ƙodago. Uwarsa Margarita ba ta san ko harafi ba, amma ita ta ƙarfafa masa zuciya har ya zama firist a 1841.

Iyaye, yaron da kuka kira daƙiƙi da safe yakan shiga aji da tsoro, zuciyar da ke tsoro kuwa ba ta riƙe darasi. In ya kawo sakamakon jarrabawa, ku zaunar da shi, ku ji inda ya sha wuya kafin ku nemi bulala.