Wanne Ya Fi Nisa, Wata ko Isa?

  

Ya ku 'yan'uwa matasa, ga tambaya: daga Sabon Birni, wanne ya fi nisa, wata ko garin Isa? Kada ku yi dariya, ku bari mu yi lissafi tukuna.

Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000, wato wajen mil 239,000. Yakan matso zuwa 363,000, yakan kuma ja baya zuwa 405,000, domin hanyar da yake bi wajen kewaya duniya ba da'ira ce sosai ba. Da akwai titi, mota mai gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa ba shan mai, sai ta yi kwana 160. Mai tafiya a ƙasa, yana cin kilomita 30 kullum, sai ya shekara 35. Amma hasken wata, ƙiftawar ido kaɗan ya iso gare ka, bai cika daƙiƙa ɗaya da rabi ba.

To, ran 16 ga Yuli, 1969, mutum uku suka tashi daga Amurka cikin kumbo Apollo 11. Kwana uku suka fara kewaya wata, ran 20 ga Yuli Neil Armstrong da Edwin Aldrin suka sauka, ran 24 duk ukun suka dawo lafiya. Mai cewa ƙarya ce, ya sani sun bar wani madubi a can, har yau masana na harba masa haske ya dawo, su auna nisan da shi. Musun abin da ba ka bincika ba, ba tsoron Allah ba ne, ƙyuya ce.

Yanzu mu dawo gida. Daga Sabon Birni zuwa Isa bai kai kilomita 60 ba, tafiyar awa guda ce a mota. Amma a watan Disamba na 2021, a kan wannan hanya, kusa da Gidan Bawa, 'yan bindiga suka tare motar matafiya suka cinna mata wuta, sama da mutum 20 suka rasu. Innalillahi! Masu zuwa wata sun je sun dawo, waɗannan bayin Allah ko kilomita 60 ba su ƙare ba. Tun 2019 kuwa dubban mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. To, wanne ya fi nisa?

Ashe nisa iri biyu ne. Akwai wanda Allah Ya halitta, shi ilimi da haƙuri na gajarta shi. Akwai wanda mutane ke ƙirƙira da zalunci, shi kam babu injin da ke yanke shi. Ku karanta Suratu Saba'i, aya ta 18 da ta 19: mutane ne da aka ba garuruwa kusa da juna da hanya mai aminci, suka butulce, aka tarwatsa su.

Ku lura da wani abu. Kimanin mutum 400,000 suka yi aikin Apollo, kusan kowane kilomita da mutum guda. Da mai ɗinkin rigar 'yan sama jannati ya yi ha'inci, ko mai ɗaure ƙusa ya ce wa zai gani, da gawa za a yi makoki a kai. Kowa ya riƙe amanar ɗan abin da aka ba shi. Mu da muke karanta ayoyin amana kullum, ina tamu?

Ɗan bindiga ba duba yake yi ba. Wani ne ke gaya masa motar da ta taso da wanda ya sayar da sa a kasuwa, wani ke kai masa mai da burodi cikin daji. Sau da yawa saurayi ne kamarka. Za ka ce talauci ne. Wallahi talauci gaskiya ne, kuma hukuma na da nata alhakin da Allah zai tambaye ta. Amma kuɗin da ka karɓa kuɗin jinin maƙwabcinka ne, kuma hanyar da ka rufe, ita ce wadda za a bi da mahaifiyarka zuwa asibiti.

Saboda haka, duk sa'ad da kuka fito duban jinjirin wata, ku tambayi kanku: ni ina cikin masu gajarta hanya ne ko masu tsawaita ta? Ba a ce ka ƙera kumbo ba. Ka riƙe bakinka, ka riƙe amanar sana'arka, ka koma makaranta.

Allah Ya dawo mana da aminci a ƙasar Gobir.